Ƙulli Biyu a Bakin Buhu

Ƙarfe goma na safiyar Talata wani mutum ya shigo caji ofis da ƙaramin buhu a hammata, ya dire shi kan teburin Sufeto Isiyaku har ya kusa ɓarar masa da shayi.

"Sunana Alhaji Haruna, daga Kaduna na taso. An damfare ni."

Sufeto Isiyaku mutum ne mai sanyin jiki, irin wanda ko gobara ta tashi sai ya ƙarasa tauna lomarsa. Ya janye kofinsa gefe, ya ce a yi masa bayani.

A wata manhajar saye da sayarwa Alhajin ya ga babbar riga aska takwas, ɗinkin hannu, aikin wani tsoho Malam Abdulbaqi na unguwar Soron Ɗinki. 'Yar tsohon, Bahijja, ita ke tallatawa. Ya biya, aka aika masa ta tasha. Da ya buɗe, sai tarin ƙyallayen da teloli ke zubarwa.

"Wataƙila a hanya aka buɗe," in ji Sufeto.

"Duba bakin buhun, Yallaɓai. Ta gindi na yanka, ina ɗaukar bidiyo. Yadda suka ɗinke shi a gidansu, haka ya iso."

Sufeto ya duba. Ɗinkin baƙin zare ne, ƙanana a jere, ko a wuyan riga aka yi shi ba za a ji kunya ba. Ɓarawon tasha ba ya ɓata lokacinsa haka.

A zauren gidan Malam Abdulbaqi Sufeto ya tarar da Bahijja, idanunta sun kumbura. Ta miƙa masa wayarta.

"Masu manhajar sun dakatar da shafina, Yallaɓai. Sun ce in ban kawo takardar 'yan sanda da ta wanke ni zuwa jibi Alhamis ba, rufewa za su yi gaba ɗaya. Ga shi an fara yawo da hotona, wai 'yar damfara. Har sunan Baba an sa."

A bidiyon da ta ɗauka ranar Asabar, an ga tsohon ya ninke rigar, ya sa a buhu, ya ɗinke bakin da baƙin zare yana lalube.

"Wata bakwai ya yi a kanta," in ji ta. "Yanar ido ta gama da shi. Wannan rigar ce ta ƙarshe."

"Bidiyo ya nuna an saka riga. Bai nuna wannan buhun ne ya fita daga gidan nan ba. Me ya hana ki bai wa kamfanin aika saƙo?"

"Wane kamfani zai shigo lungun nan? Su ce ba lambar gida, ba sunan titi. Na taɓa kai musu da kaina, hula ta yi kwana goma sha ɗaya a hanya, mai ita ya fasa. Na bai wa direba hannu da hannu, ya kashe waya. Shi ya sa na tsaya a kan Maharazu. Ɗan gida ne, shekara shida ya yi yana koyon ɗinki a wurin Baba kafin ya koma kai saƙo da babur."

"Ƙarfe nawa ya karɓa?"

"Goma daidai. Ga saƙon da na tura wa Alhaji."

A tasha, ɗan kamasho mai karɓar saƙonnin Kaduna, wani Ɗanjuma, ya zaro kwafin rasit yana washe baki. An rubuta ƙarfe sha ɗaya.

"A motar farko ya tafi ke nan?" in ji Sufeto.

"Ƙwarai kuwa, Yallaɓai."

"To don me Alhaji bai samu ba sai Lahadi? Lambar direban da ka tura masa, ta motar la'asar ce."

Murmushin ya koma ciki. Ɗanjuma ya sosa ƙeya.

"Gaskiya duk saƙon da ya zo, sha ɗaya nake rubutawa, don masu kaya su ji daɗi. Wannan sai da aka sallame azahar ya iso. Amma wallahi ko allura ban iya riƙewa ba."

Sufeto ya dubi buhunan da Ɗanjuma ya naɗe da salatif kamar an ɗaure karaya, ya yarda da wannan rantsuwar.

Maharazu ya zo ofis da kansa ranar Laraba, da akwatin saƙo ɗaure a bayan babur. Mutum ne mai ladabi, ya haura talatin, ya durƙusa ya gaida Sufeto.

"Daga goma zuwa bayan azahar, ina ka tsaya?"

"Faci na yi, Yallaɓai. Taya ta baya."

"Awa uku da rabi?"

"Akwai layi a wurin mai facin."

"Har yanzu kana taɓa ɗinki?"

"Ina. Shekara huɗu rabona da allura, hannu ya manta."

Sufeto ya sallame shi. Mutum na iya yin faci, kuma layi ba laifi ba ne. Abin da ke gabansa dai buhu ne da ɗinkin gidan su Bahijja, cike da ƙyallayen unguwarsu. Ya tausaya mata, amma tausayi ba ya shiga fayil.

Da yamma ya kai buhun Soron Ɗinki, ya ɗora a cinyar tsohon.

"Baba, wannan ɗinkinka ne?"

Malam Abdulbaqi ya bi ɗinkin da babban yatsa tun daga farko. Da ya kai ƙarshe, wurin ƙulli, yatsan ya tsaya. Ya shafa, ya sake shafawa. Sai ya ture buhun.

"Idona ba ya gani, Yallaɓai. Ba zan iya cewa komai ba."

"Ba idonka na tambaya ba."

Tsohon ya jawo carbinsa, ya fara ja. Bahijja ta durƙusa gabansa.

"Baba, gobe ce fa. Don Allah in ka san wani abu ka faɗa."

Bai ɗago kai ba. Sufeto ya ɗauki buhunsa ya fita, ya bar ta tana kuka. Amma ya ga inda yatsan ya tsaya.

Ranar Alhamis da hantsi ya tara su a zauren: Alhaji Haruna, Maharazu, da uban da 'yarsa. Kurtun ɗan sanda ɗaya na tsaye bakin ƙofa.

"Bincike ya ƙare," in ji Sufeto. "Malama Bahijja, ɗauko mayafinki, za mu tafi."

Ta dafa bango. Ko kukan ma ya ƙi zuwa.

Sufeto ya ɗaga buhun, ƙyallaye suka zubo ta gindinsa. Ya yi tsaki.

"Shaidar kotu ce, ga ta tana zuba. Maharazu, ga allura da zare nan a gefen Baba. Taimaka ka kame mana gindin nan, ko yaya ne."

Maharazu ya so ya yi gardama, amma kowa shi yake kallo. Ya zauna. Da farko ya riƙa yin manyan taku, wai shi wanda ya manta. Kafin ya kai rabi hannun ya ƙwace, ɗinkin ya daidaita. Ya ƙulla, ya ciji zaren.

Sufeto ya karɓa, ya sa a hannun tsohon.

"Baba, ga baki, ga gindi. In ba ka da abin cewa, mun tafi da ita."

Tsohon ya shafa ƙullin baki. Ya juya buhun, ya shafa na gindi. Hawaye suka gangaro cikin gemunsa.

"Ni ƙulli ɗaya nake yi, in ɓoye shi ciki. Nan kuwa baki da gindi duk ƙulli biyu ne," ya ce a hankali. "Maharazu, shekara shida ina buge maka hannu a kan ƙulli biyu. Kullum ka ce tsoro kake kada ya warware."

Allurar ta faɗi daga hannun Maharazu.

"Rigar tana ɗakina a Koki," ya ce. "Ko ninkinta ban warware ba. Wani mai shago a Abuja ya ce in kawo samfurin aikina, in ya yi masa zai ɗauke ni. Ba ni da abin nunawa, Baba. Shekara huɗu ina kan babur, rana da ruwa, kaya ya makara a zage ni, ya fashe a zage ni. Na ɗauka tasha za a ɗora wa, kullum kaya na ɓata a can. Na kwaikwayi ɗinkinka ne don kada Ɗanjuma ya gane. Ban taɓa zaton kan Bahijja zai faɗa ba."

"Amma ka ji na ce ta ɗauko mayafi," in ji Sufeto, "ka zauna kana zura zare."

Maharazu ya sunkuyar da kai. Kurtu ya matso da ankwa.

"Mutum uku sun nemi irin rigar nan tun da aka sa hotonta a manhaja," in ji tsohon, fuskarsa na kallon inda ba kowa. "Na ce wa Bahijja in ka dawo daga tasha ta tsayar da kai. Kai zan miƙa wa aikin. Ba ni da wani hannun."

Kurtu ya ɗaga Maharazu tsaye. Aka fita da shi ta lungun, aka bar babur ɗinsa jingine da bango. Alhaji Haruna ya cire hularsa, ya fara bai wa Bahijja haƙuri.

Sufeto ya ce ta biyo shi ta karɓi takardar, za ta isa kafin wa'adi ya cika. Ta gyaɗa kai. Za a buɗe shafin, ta sani, sai dai ba ta san abin da za ta sake sawa a ciki ba.

Da Sufeto ya miƙa hannu zai karɓi buhun, tsohon bai sake shi nan da nan ba. Yatsansa na bin ɗinkin gindin.

"Ɗinkin ya yi kyau, Yallaɓai," ya ce. "Ya fi nawa."