Rabin Kwalba

Ƙarfe tara da rabi na safiyar Talata wani mutum ya shigo caji ofis riƙe da takarda ɗaya, ya ce an kashe masa ɗa.

Sufeto ya ja masa kujera. Mutumin direban babbar mota ne, idanunsa jajir. Ɗansa mai shekara bakwai ya rasu kwana uku da suka wuce a sashen yara na babban asibiti. Ciwon huhu, in ji takardar.

"Ciwon huhu ai ba kisan kai ba ne, malam," in ji Sufeto.

"Likitar da kanta ta ce in zo, Yallaɓai. Ta ce akwai abin da bai yi daidai ba."

Sufeto ya ɗauki hularsa, ya kira Sajan.

Likitar yara dattijuwa ce mai farin gilashi. Ta rufe ƙofar ofishinta.

"Sai na yi maka ɗan karatu, Sufeto, in ba haka ba ba za ka gane abin da aka sace ba."

"Sata kuma?"

"Jikin mutum yana da masu gadi iri biyu. Na farko da su ake haihuwarmu: fata, majina, zazzaɓi, da wasu fararen ƙwayoyin jini da ke haɗiye duk baƙon da suka gani. Suna da sauri, amma ba sa koyon komai. Na biyu sun fi jinkiri. Sai sun yi kwanaki suna nazarin ƙwayar cuta, sannan su ƙera makamin da ya dace da ita kaɗai, su kuma riƙe kamanninta shekara da shekaru. Shi ya sa wanda ya yi ƙyanda sau ɗaya ba ya sake yi."

"Wato 'yan sintiri da masu ajiye fayil."

"Kusan haka. To shi yaron nan an haife shi babu masu ƙera makaman. Ko rigakafi ba ya kama shi, don babu wanda zai koya. Gado ne, ta wajen uwa yake bi, 'ya'ya maza yake kamawa."

"Yaya aka yi ya kai shekara bakwai?"

"Da aro. Duk wata muna yi masa ƙarin ruwa da kwalba ɗaya ta garkuwar da aka tace daga jinin dubban mutane. Wata ƙungiyar agaji ce ke aiko mana, na yara goma sha biyu kacal." Ta tura masa takarda. "Gwajin jininsa ke nan ana gobe zai rasu. Garkuwar ba ta kai rabin yadda ya kamata ba, alhali kwana goma da sa masa ruwa. Wata biyar baya, daidai take."

Sufeto ya ninke takardar. "Ina ake ajiye kwalaben?"

Mai kula da ɗakin magani ya buɗe musu firiji yana ta surutu. A jikin ƙofar an manna takardar da ake rubuta sanyin firijin safe da yamma.

"Firijin ya taɓa mutuwa?" in ji Sufeto.

"Ko sau ɗaya, Yallaɓai. Ga shi nan a rubuce."

Sufeto ya bi layukan da yatsa. Kwana talatin, biro ɗaya, lamba ɗaya, rubutun ko karkacewa bai yi ba.

"A zama ɗaya ka cike wannan."

"Haba Yallaɓai!"

"Sajan, je ka tambayi mai kula da janareta."

Mutumin ya zauna a kan kwali, gumi na tsattsafo masa. Ba sai an je ba, in ji shi. Watan jiya firijin ya yi kwana biyu a mace, ya ji tsoron a kore shi, ya rufe bakinsa.

Sajan har ya fara laluben ankwa. Sufeto ya ɗaga masa hannu, ya kira Likita a waya.

"Sauran sha ɗayan fa?"

"Na gwada su duka jiya. Lafiya lau suke."

Daga firiji ɗaya aka ba su duka. Ba nan matsalar take ba.

"Ina kwalaben da aka gama amfani da su?"

Mai ɗakin magani ya jawo kwali daga ƙarƙashin tebur. Ƙungiyar ba ta yarda a zubar ba, sai an mayar mata da su. Kowace kwalba da lambar yaro a jiki. Sufeto ya kai su bakin taga, yana duban robar da ke bakin kowace. Huda ɗaya. Huda ɗaya. Na mamacin guda huɗu na ƙarshe kuwa, banda babbar hudar, akwai ƙanana biyu a gefe, irin na allura.

"Wa ke sa masa ruwa?"

"Nas ɗin ɗakin yara. Ƙanwar uwarsa ce. Ba ta yarda kowa ya taɓa shi."

Sun same ta tana naɗe zanin gado. Siririya ce, ƙasan idanunta ya yi baƙi. Sufeto ya ajiye kwalba ɗaya a gabanta.

"Hudar nan fa?"

"Robar tana da tauri, Yallaɓai. Wani lokaci sai an sake sokawa."

"Wata huɗu a jere? A kwalbarsa kaɗai?"

"Ɗan yayata ne. Ni na yi masa wankan farko. Me kake son ka ce?"

"Kina da ɗa namiji?"

Hannunta ya tsaya a kan zanin. "Ɗaya. Shekararsa biyu. An gwada shi, ba shi da komai. Likita ma na gaya mata."

"A ina aka gwada shi?"

"A wani asibiti. Takardar tana gida."

Da la'asar Sufeto ya tafi gidan shi kaɗai. Gida ɗaya yayar da ƙanwar suke zaune tare da mahaifiyarsu. Masu gaisuwa sun watse, sai kujerun roba jere a tsakar gida. Uwar mamacin tana ɗaki, ba ta magana da kowa. Tsohuwar ce ta karɓe shi, da ɗan yaro a cinyarta.

"Allah ya ba da haƙuri, Mama."

"Amin, ɗana. Na saba. Nawa na farin ma haka ya tafi, yana shekara uku. Kunne, ƙirji, kunne, ƙirji, har ya gaji." Ta shafa kan yaron. "Wannan ma da haka ya faro. Tun yana wata bakwai ba mu huta ba. Sai ga shi Allah ya kawo sauƙi, ya yi ƙiba, har gudu yake."

"Tun yaushe?"

"Wata huɗu ke nan. Uwarsa ce ke sa masa ruwan ƙarin ƙarfi a ɗaki, duk wata. Ai amfanin haihuwar nas ke nan, ba ruwanka da layin asibiti."

Sufeto ya miƙa wa yaron makullin motarsa. Yaron ya kawo hannu. A bayan hannun akwai ɗigo-ɗigon tabon allura. Yaron ya yi tari mai nauyi, har ƙirjinsa na kuka. Jikinsa da zafi.

"Shekaranjiya ya fara," in ji tsohuwar. "Mura ce kawai."

A lokacin Nas ta shigo da jakarta a kafaɗa. Ta ga Sufeto, ta ga hannun ɗanta a cikin nasa. Jakar ta zame ta faɗi.

"Ina takardar gwajin?" in ji Sufeto.

Ta zauna a kujerar roba.

"Yana da ciwon," ta ce. "Na sani tun kafin a gwada. Na rubuta wa ƙungiyar, suka ce an rufe, akwai yara goma sha tara da ke jira. In na gaya wa Likita, za ta ɗauke ni daga kan kwalaben. Sai na yi shiru."

"Sai kika fara zuƙa."

"Rabi kawai. In zuƙe rabi da sirinji, in cike da ruwan gishiri. Na ce shi babba ne, masu gadinsa na farko za su riƙe shi kafin wata ya zagayo. Ban sace ba, Yallaɓai. Raba musu na yi."

Labulen ɗaki ya motsa. Uwar mamacin ta fito, tana dafa bango.

"Ke ce kike riƙe masa hannu in ana sa ruwan," ta ce a hankali. "Yana ce miki Umma ƙarama."

"Yaya..."

"Da kin tambaye ni."

"Da kin yarda?"

Yayar ta dubi yaron da ke tari a cinyar mahaifiyarsu, ta koma ɗaki ta saki labule.

Sufeto ya kira Sajan a waya, ya ce ya kawo motar ofis. Nas ta tashi, ta kama hannun rigarsa.

"Ka yi min abu ɗaya. Gurbin ɗan Yaya babu kowa yanzu. Ka roƙi Likita ta ba nawa. Ni ku yi yadda za ku yi da ni."

Sufeto ya fita bakin ƙofa ya buga waya. Likita ta saurare shi har ya gama.

"A kawo shi yau, in ba shi maganin da zai kashe abin da ke ƙirjinsa," ta ce. "Wannan zan iya. Amma gurbin an bayar tun jiya, ga wanda ke kan gaba a layi. Nata ko a layin ba ya ciki, tunda ta ce lafiyarsa ƙalau. In na sa shi yau, shi ne na goma sha tara."

"Zai kai?"

"Abin da ke jininsa zai ƙare nan da 'yan makonni. Daga nan sai abin da Allah ya yi."

Da ya dawo, Sajan ya riga ya iso. Nas ta dubi fuskar Sufeto sau ɗaya, ba ta tambaye shi ba. Ta sunkuya ta shinshina kan ɗanta, ta gaya wa tsohuwar inda ma'aunin zafi yake, ta miƙa wa Sajan hannayenta. Sufeto ya girgiza kai, Sajan ya mayar da ankwar aljihu. Suka sa ta a tsakiya har mota.

Tsohuwar ta biyo su bakin ƙofa da yaron a kafaɗa.

"Ɗana, in kun tafi da ita, wa zai sa masa ruwan wata mai zuwa?"

Sufeto ya buɗe mata ƙofar gaba.

"Shigo, Mama. Asibiti za mu fara biyawa."