Yarinyar da Ta Gaji da Jiran Ranar Shari'a

A shekarar da Nijeriya ta sami 'yancin kai, akwai wata yarinya a birnin Sakkwato. Iyayenta Kirista ne, daga ƙasar Zazzau suka zo. Babanta kafinta ne, yana yin ƙofofi da kujeru. Gidansu yana kusa da wata ƙaramar majami'a mai jinkar ciyawa.

Yarinyar tana da 'yar akuya ja. Babanta ne ya sayo mata a kasuwar Wamakko. Ita ke yanko mata ciyawa, ita ke ba ta dusa da ruwa. In ta dawo daga makaranta, akuyar kan rugo ta tarye ta a bakin ƙofa.

Wata rana da la'asar, yarinyar ta fito ɗibar ruwa. Sai ta hangi Habila, ɗan mai bisharar majami'arsu. Ajinsu ɗaya a makaranta. Yana riƙe da danƙon harbin tsuntsu, akuyar kuwa tana kiwo a gindin wata bishiyar bedi. Habila ya sa dutse, ya ja, ya saki.

Akuyar ta yi wani irin kuka, ta faɗi. Dutsen ya same ta a ido.

Yarinyar ta yar da tulu, ta rugo tana ihu. "Habila! Me ta yi maka? Me ta yi maka?"

Habila ya cusa danƙon a aljihu, ya ruga gida.

Idon akuyar ya tsiyaye. Da Baba ya dawo daga aiki, ya kama hannun 'yarsa suka je gidan mai bishara. Aka kira Habila. Ya fito a natse, ya durƙusa ya yi gaisuwa.

"Ba ni ba ne, Baba," in ji shi. "Ni ko waje ban fita ba. Wataƙila ƙaya ce ta tsokane ta."

"Ƙarya kake yi!" Yarinyar ta daka masa tsawa. "Da idona na gan ka! A duba aljihunsa!"

Aka duba, ba a sami komai ba. Ya riga ya ɓoye danƙon.

Mai bishara ya ce, "Yaron nan bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Baba ya ce, "To, tun da babu shaida, mu bar wa Allah."

A hanyar gida yarinyar ta fizge hannunta. Ranar ko tuwo ba ta ci ba.

Ba a daɗe ba, aka fara shirin bikin 'yancin kai. 'Yan makaranta suna koyon maci kullum da safe. Da aka zo zaɓen wanda zai riƙe tuta a gaba, sai malami ya zaɓi Habila. Har aka ɗinka masa sabuwar farar riga. Yarinyar tana can baya a layi, tana cizon leɓe.

Ran Lahadi, Malama Tabita ta tara yara a inuwar majami'a. Ita ke koya musu Maganar Allah. Ranar ta yi musu darasi a kan ƙarshen duniya.

Ta ce, "Yara, Yesu Almasihu zai dawo. Zai yi wa kowa shari'a, masu rai da waɗanda suka mutu. A ranar babu abin da zai ɓuya. Abin da aka yi a ɓoye ma zai fito fili."

Yarinyar ta ɗaga hannu da sauri. "Malama, har maƙaryata?"

"Har su."

"Har masu harbin dabbobin mutane?"

Yara suka juya suna kallon Habila. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa.

Malama Tabita ta ce, "Kowa da kowa, 'yata."

"To, yaushe zai zo?"

"Ba wanda ya san ranar, sai Allah."

Tun daga nan yarinyar ta shiga jira. Kullum da safe takan yi addu'a iri ɗaya. "Ya Allah, ka zo yau. Ka hukunta Habila yau." Sai ta fita ta duba sama.

Wata rana hadari ya haɗu baƙi ƙirin daga gabas. Aka yi walƙiya, aka yi tsawa mai ƙarfi. Yarinyar ta yi tsalle. Ta ce a ranta, yau ce ranar! Amma aka yi ruwa, aka ɗauke, gari ya washe. Washegari ga Habila ya wuce ta ƙofar gidansu yana fito.

Ta shiga gida fuu, ta sami innarta tana tankaɗe.

"Inna, Allah ba ya gani ne?"

"Wace irin magana ce wannan?"

"Akuyata tana yawo da ido ɗaya. Habila yana yawo da sabuwar riga. Kullum ina roƙo, shiru! Ko dai ba zai zo ba ne sam?"

Inna ta ajiye rariya. "Kul! Kada in ƙara jin wannan a bakinki. Allah yana da lokacinsa."

"Lokacinsa ya yi nisa!" in ji yarinyar. Ta buga ƙafa ta fita.

Ran Asabar da rana tsaka, unguwa ta yi tsit saboda zafi. Yarinyar ta bi ta bayan gidan su Habila. Sai ta ga farar rigar nan an shanya ta a kan zanan da aka kewaye gidan da shi. Ta tsaya tana kallonta. Zuciyarta tana tafasa.

Ta ce a ranta, tun da an ƙi hukunta shi, ni zan hukunta shi.

Ta koma gida, ta ɗebo garwashi a kasko daga murhun innarta. Ta lallaɓo, ta ɗora a kan rigar. So take kawai ta huda ta, Habila ya rasa abin sawa ranar biki.

Amma zanan ya bushe ƙamas. Rigar ta kama, zana ya kama. Iska ta taso, wuta ta yi sama. Yarinyar ta tsorata, ta yar da kaskon, ta gudu ta ɓuya a bayan rumbu.

Zanan nan kuwa shi ya raba gidan su Habila da gidan Goggo Dijatu. Goggo Dijatu tsohuwa ce, Basakkwaciya, Musulma, mai kaɗin zare. Kowa a unguwar yana ganin girmanta. Takan ba yara ƙuli-ƙuli in sun gaishe ta. A jikin zanan rumfarta take, cike da auduga. A cikin rumfar kuma jikanta Maccido yana barci, yaro ne da bai daɗe da fara tafiya ba.

"Gobara! Gobara! Ku kawo ruwa!"

Mutane suka fito da tuluna da ƙore. Yarinyar ta leƙo. Sai ta ga Goggo Dijatu ta kutsa cikin hayaƙi tana kiran sunan jikanta. Ta fito rungume da shi. Yaron yana tari yana kuka, amma bai ƙone ba. Hannun tsohuwar kuwa ya saɓule.

Aka kashe wutar. Rumfa ta tafi, auduga ta zama toka.

Mai bishara ya fito ransa a ɓace. Ya tuna da safe Habila ya zuba garwashi a dutsen guga. Ya damƙo shi, ya karyo tsumagiya.

"Kai ne! Sau nawa na hana ka wasa da wuta?"

"Ba ni ba ne, Baba! Ban yi ba!" Habila yana kuka. Wannan karon gaskiya yake faɗa, amma ba wanda ya yarda.

Ga abin da yarinyar ta daɗe tana jira ya zo. Amma ba ta ji daɗi ba ko kaɗan. Ta dubi Goggo Dijatu zaune a ƙasa ana shafa mata magani. Ta dubi Maccido.

Ta fito daga bayan rumbu. Ta ce, "Ku bar shi. Ni ce."

Mai bishara ya saki tsumagiyar.

Baba ya kama hannunta da ƙarfi, ya kai ta shagonsa, ya zaunar da ita a kan benci. Ba ta taɓa ganin fushi irin wannan a fuskarsa ba.

"Kin san saura kaɗan ki kashe yaro?"

Ta fashe da kuka. "Rigar kawai na so in ƙona."

"Wa ya naɗa ki alƙali?"

"Baba, na yi ta roƙon Allah ya zo ya yi shari'a. Bai zo ba."

Baba ya yi ajiyar zuciya. Ya zauna kusa da ita.

"To, saurara. A ce ya amsa roƙonki. A ce ɗazu da rana tsaka ya zo. Me zai samu a hannunki?"

Ta sunkuyar da kai. "Garwashi."

"A zuciyarki fa?"

Ta rufe fuskarta da hannu.

Baba ya ce, "Ke Habila kawai kike gani a gaban shari'a. Kin manta ke ma za ki tsaya a can. Ni ma zan tsaya. Ranar tana zuwa, babu shakka, kuma Allah bai manta da idon akuyarki ba. Amma jiran da yake yi ba mantuwa ba ce. Haƙuri ne. Ba ya so ko mutum ɗaya ya hallaka. Yana ba kowa zarafi ya tuba. Haƙurin da kika ji haushin ana yi wa Habila, shi ne yau ya cece ki."

"Baba, Allah zai gafarta mini?"

"In kin tuba da gaske, zai gafarta. Dalilin da Almasihu ya mutu ke nan. Amma tashi. Akwai wadda za ki fara roƙo."

Suka je gidan Goggo Dijatu. Yarinyar ta durƙusa a gabanta.

"Goggo, ki yafe mini."

Tsohuwar ta harare ta. "Mi niy yi miki, ɗiyar ga? Audugata ta shekara duk ta tahi. Jikana kwa, Allah yak kiyaye shi. Tashi ki ba ni wuri!"

Yarinyar ta fita tana kuka. Inna ta ce mata, "Tana da gaskiya ta yi fushi. Gobe ki koma."

Ta koma. Goggo Dijatu ba ta iya aiki da hannun, don haka yarinyar ta ɗebo mata ruwa, ta share gida, ta goya Maccido. Tsohuwar ko kallonta ba ta yi ba. Washegari ma ta koma. Haka ta yi ta yi kullum bayan makaranta. An kuma hana ta shiga macin biki. Ranar da sauran yara suka tafi fili da tutocinsu, ita tana tsakar gidan Goggo tana daka. Ta ji kiɗa daga nesa, ta share hawaye, ta ci gaba da dakanta.

Baba da mai bishara suka sayo itace da sabon zana, suka fara kafa rumfa. Habila yana miƙa musu igiya. Da manya suka shiga inuwa shan ruwa, sai ya matso kusa da yarinyar.

"Me ya sa kika faɗa? Da kin yi shiru, da ba wanda zai sani."

"Allah ya sani," in ji ta.

Habila ya juya ya nufi inda manya suke. Ya durƙusa a gaban babansa.

"Baba, ni ne na harbi akuyar. Ƙarya na yi muku."

Mai bishara ya riƙe baki. Kunya ta kama shi. Ya dubi yarinyar ya ce, "'Yata, ni ma na yi miki laifi. Ban saurare ki ba. Ki yafe mana."

"Na yafe," in ji ta. Ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta.

Goggo Dijatu tana zaune tana jin komai. Ta girgiza kai, ta yafito yarinyar da hannunta mai lafiya.

"Taho nan, mai zahin zuciya. Allah na haƙuri da mu kullum, ni wa ce da ba ni yi? Na yahe miki. Amma kada ki ƙara."

"Ba zan ƙara ba, Goggo."

Tsohuwar ta jawo ta jikinta. Maccido ya tako ya haye cinyarta, kowa ya yi dariya.

Ran Lahadi, Malama Tabita ta tambayi yara abin da suka koya a kan ranar ƙarshe. Yarinyar ta miƙe tsaye.

Ta ce, "Ranar shari'a tana zuwa, kuma shari'ar ta Allah ce, ba tamu ba. Yana jira ne don yana da haƙuri. Yana so kowa ya tuba kafin ranar ta zo. Har Habila. Har ni."

"Madalla," in ji Malama Tabita. "Yara, kun ji. Kada fushi ya sa ku ɗauki hukunci a hannunku. Ku gyara halinku tun yau, ku kuma yi haƙuri da wasu kamar yadda Allah yake haƙuri da ku."