Suna na Bakwai a Kwamitin Baba

"Ba zan sake maimaitawa ba, Auta. Maƙwabtaka daban, haɗa jini daban."

Baba ne ya faɗa min haka, yana tsaye gaban madubin falo yana gyara wuyan rigarsa. Shi ne fa shugaban kwamitin zaman tare na unguwarmu. Bangon falonmu kaf hotunansa ne, nan ya rungume wannan baƙo, can yana gaisawa da wancan, haƙora a waje kamar mai tallan man goge baki. Jawabansa kuwa ni nake buga masa, har na haddace su: "Dukkanmu ɗaya ne, babu bare a cikinmu."

"Baba, da bakinka kake ce masa ɗana..."

"A bakin titi ba. Kowa ɗana ne a bakin titi."

"To mene ne laifinsa?"

"Ba shi da laifi, yaron kirki ne. Ya je ya nemi 'yar ƙasarsu."

Injiniya ake nufi, mai gyaran lantarkin da ke da shago a ƙasan benenmu. Shekara goma sha ɗaya da zuwansu daga wata ƙasa shi da mahaifiyarsa, ya iya harshenmu har ya fi wasunmu, amma har gobe in za a yi kwatance sai a ce "shagon baƙon nan". Fankar ɗakina ce ta haɗa mu. Sau uku ta lalace cikin wata guda, kuma Allah ya sani, biyu daga ciki ni na zare mata waya.

Shekara biyu muna son juna. Satin da ya wuce ya hawo sama da kawunsa neman aurena. Baba ya tarbe su da fara'a, ya zuba musu jawabin haɗin kai na minti arba'in, ya raka su har matakala bai ce e ba bai ce a'a ba.

Da ya gama da madubin, sai ya miƙo min wata takarda.

"Sunayen sababbin 'yan kwamiti ne, ranar Asabar za a gabatar da su. Ki buga da manyan baƙi."

Na bi layin da ido. Mutum shida na farko duk abokan hirarsa ne. Na bakwai kuwa cikakken sunan Injiniya ne, da rubutun hannun Baba. Tun da aka kafa kwamitin nan ba a taɓa sa baƙo a ciki ba, sai wannan satin.

Ko mayafi ban gyara ba na sauka shagon. Na same shi a kan benci ya buɗe cikin wani dutsen guga, ya ƙura masa ido kamar yau ya fara ganin irinsa.

"Mene ne wannan?" Na ajiye takardar a gabansa.

"Baba ya kira ni jiya..."

"Baba? Har ya zama Baba ke nan."

"Auta, ki saurare ni. Kin san shekara nawa mutanenmu suna roƙon kujera ɗaya? Ana korar yaranmu daga filin ƙwallo, ana hana mu haya, ba mu da mai faɗa mana. Yanzu ga dama ta zo."

"Ta zo kyauta?"

Ya kawar da kai yana juya sukudireba a hannu.

"Da kai nake. Me ya ce ka ba shi?"

"Ya ce... bai dace ɗan kwamiti ya kawo rabuwar kai a gidan shugaba ba."

"Kai kuma ka ce me?"

"Zuciyata, ki fahimce ni..."

"Kar ka ƙara kirana haka!"

Na tsaya ina kallonsa. Mutumin da ya ce min ko duniya za ta taru ba zai sake ni ba, ashe ba sai duniya ta wahalar da kanta ba, kujerar roba ɗaya ta isa. Na so in ji tsanarsa, amma abin da na ji ya fi tsana ciwo. Raina shi na yi, ina kuma sonsa a lokaci guda.

"Da ka ce min tsoro ka ji, da na yafe maka," na ce. "Amma kar ka jingina abin nan da yaran filin ƙwallo. Ba su suka zauna da Baba jiya ba."

Na hau sama na buga sunayen. Nasa na fi ƙara wa girma.

Ranar Asabar zauren makarantar unguwa ya cika. Na zauna a layin ƙarshe. Baba ya hau mumbari yana karanta kalmomina da rawar murya, har da share ƙwallar da babu ita. Da aka zo na bakwai, ya jawo Injiniya ya rungume, ya riƙe shi a haka har mai hoto ya gama gyara kyamararsa.

"Wannan ɗana ne!" ya ce, zauren ya ɗauki tafi.

Injiniya sai murmushi yake yana sunkuyar da kai. Ko sau ɗaya bai dubi layin ƙarshe ba.

Sai na ji an zauna kusa da ni. Mahaifiyarsa ce, tsohuwar da har yau harshenmu bai zauna a bakinta ba. Ba ta tafa ba. Ta ɗora min wani ƙulli a cinya, na buɗe gefensa na ga riga ce, ɗinkin hannu, an yi mata ado a wuya, hannu ɗaya ma ba a ƙarasa ba.

"Naki," ta ce. "Wata biyar ina yi."

"Mama, ai babu auren..."

"Na sani." Ta kama hannuna ta matse, tana kallon ɗanta a can gaba. "Shi ya samu kujera. Ni na rasa 'ya."

Duk taurin ran da na shigo da shi ya watse. Na kifa kaina a kafaɗarta na fashe da kuka, ita ma tana yi, babu wanda ya ji mu saboda ƙarar tafi.