Safar Hagu

An ɗaura auren Majken Öhrn da Sixten Hedblom ranar Asabar ta biyu a watan Yuni, a cocin garin Rättvik da ke bakin tafki. Ango ya shigo da farar safar ulu har gwiwa, mai jan zane a ƙwauri, duk da zafin da aka yi ranar. Ta dama amarya ce ta saƙa. Ta hagu ce har yau ba a samu bayaninta ba.

Wata goma sha bakwai kafin nan suka haɗu. Wutar gidan Gunvor, mahaifiyar Sixten, ta lalace ana tsakiyar sanyi, aka turo Majken, mai gyaran wuta da ba ta daɗe da tasowa daga garin Gävle ba. Ta cire takalmi a bakin ƙofa kamar kowa. Safarta ta kanti ce, siririya, babban yatsa ya leƙo waje.

Sixten, mai tuƙa injin sare itace a daji, yana zaune yana shan kofi.

"Yatsan nan naki ya riga ki gaishe mu," ya ce.

"Shi ya fi ni ladabi. Ina mitarku?"

Ya ara mata safarsa ta ulu. Da ta dawo da ita bayan mako guda, ya ce a gidansu ba a karɓar safa sai an zauna an sha kofi. Kafin dusar ƙanƙara ta narke yana kiranta Lantarkina, ita kuma tana ce masa Dogo.

Sau ɗaya suka ɓata. Majken ta gano safar da ya ara mata aikin Ylva ce, 'yar maƙwabtansu mai koyar da saƙa, wadda Gunvor ta daɗe tana yi wa ɗanta sha'awarta. Ta tura masa saƙo: "Ashe safar budurwarka ka ba ni na sa?"

Ya amsa: "Ylva kowa take saƙa wa. Fasto ma yana da biyu, kuma ban ji tana neman aurensa ba. Ki ci abinci, Lantarkina."

Da maganar aure ta taso, Gunvor ta kawo ƙa'idar gidan. Tun zamanin kakarta, ango yana shiga coci ne da safar da amarya ta saƙa da zanen gidan, jan tauraro tsakanin layi biyu, kuma sai uwar ango ta duba.

Majken ta koyi saƙa a wayarta, ta gama cikin mako shida. Gunvor ba ta ko kalli tauraron ba. Ta zura hannu ta juyo cikin safar waje, sai ga zaruruwa na reto.

"Wannan ai tarkon yatsa ne," ta ce. "Mu da zare biyu muke yi daga dunƙule ɗaya, ana murɗa su bayan kowane ɗauri. Iska ba ta ratsa shi. Ku manya ne, ku yi aurenku. Ni dai ba zan zauna a cocin ba."

"Haba Mama, a kan safa?"

"A kan safa."

A mota Sixten ya ce su tafi ofishin gunduma kawai a ɗaura musu auren, minti biyar an gama. Majken ta dube shi. Babansa ya rasu, ba shi da wa ba shi da ƙane. Ta ce a'a.

Washegari ta ƙwanƙwasa ƙofar Ylva, ta roƙe ta ta koya mata irin wannan saƙar.

"Kin ƙwace min mutum, yanzu kuma sana'ar kike so?" in ji Ylva.

"Sana'ar kawai nake roƙo. Mutumin shi ya kawo kansa."

Ylva ta yi dariya, ta matsa mata hanya. "Shekara goma ina saƙa masa, bai taɓa juya ko ɗaya ya ga cikinta ba. Ki je da shi. Zauna, ba haka ake riƙe tsinke ba, ba sukudireba ba ne."

Safar dama ta ci wata huɗu, an warware diddigenta sau biyar. Saura kwana tara biki, ta hagu ta tsaya a idon sawu. Ranar Majken tana gidan Gunvor da kwandon saƙarta aka kira ta: iska ta kayar da wayoyin wuta a wasu ƙauyuka. Ta bar kwandon a baranda. Kwana huɗu ta yi a can.

Da ta dawo ta tarar da kwandon inda ta bar shi, safar hagu a naɗe a sama, an gama ta har yatsu.

Gunvor ta shimfiɗa su biyun a tebur, ta juya cikinsu.

"Ta dama kuskure uku," ta ce. "Amma a murɗe take. Za ta kai shekara ashirin."

"Gunvor, ta hagun nan ba ni na..."

"Kofinki yana hucewa."

A coci Gunvor ta zauna a layin gaba. Bayan an fito ta kama hannun amarya ta ce, "Allah ya ɗumama gidanku, ya ba ku haƙuri da juna. Ke kuma ki daina ce min Gunvor kamar kin zo gyaran wuta."

"To, Mama."

Majken ta binciki wanda ya ƙarasa safar hagu. Ylva tana garin Falun duk wancan makon, akwai shaidu. Sixten ya rantse ko maɓalli bai iya ɗinkewa ba. Gunvor kuwa ta ce shekara shida ke nan ciwon gaɓoɓi ya raba ta da tsinken saƙa, kowa ya sani.

A hotunan bikin hannun Gunvor na dama yana naɗe da bandeji. Ta ce ƙofar mota ce ta datse ta.