Kwatar Ɗakin Haihuwa

Ku matso, ku rage muryar rediyon nan. Ni dai kun san ni. Aljanu akwai su, amma ban yarda kowace tsamiya gidan hayarsu ba ce. Abin da Yaya Atine ta gaya mini zan faɗa muku, ita kuwa injiniya ce, ba ta iya ƙarya mai daɗi ba.

An ba ta aikin gina ɗakin haihuwa a wani ƙauye da ba lantarki. Ginin ƙasa ta zana, a ƙarƙashin wata tsohuwar tsamiya. Dattawa suka ce a sare, mai jego ba ta kwana kusa da mutanen ɓoye. Atine ta ce ta auna. In babu inuwar nan, ɗakin zai zama tanda a bazara. Ta kafe. Har kwatar ruwan wanka ta karkatar zuwa gindin itacen, don ya riƙa sha.

Ran nan, rana tsaka, magina sun tafi cin abinci. Ita kaɗai ta rage tana duba kwatar. Tsuntsaye suka yi tsit.

Sai ga wata tsohuwa zaune kan tubali. Bakinta na motsi, amma muryar daga cikin rassa take saukowa. Atine ta sunkuyar da kai don ladabi, sai ta ga sawu a ɗanyar laka. Kofato.

"Ina wuni, Iya."

"Ke ce kika hana a sare mana gida?"

"Ni ce."

"Tsoronmu kike."

"A'a, Iya. Inuwa nake so."

Tsohuwa ta nuna kwatar da haɓa. "Wannan fa? Ruwan jego, tafasasshe, safe da yamma. 'Ya'yana a gindin nan suke barci."

"Lissafina ya ce zai huce kafin ya iso."

"Lissafinki ya taɓa ƙonewa?"

Atine ta tsaya inda take.

"In ɗana ya ƙone," in ji muryar, "zan leƙa jaririn farko. Mutanen gari su kawo gatari."

"Sai ki koma rana ke da 'ya'yan naki. Ba sarewa, ba kuma canza wa kwata hanya. Ki zauna, mu zauna."

Ɗan tsamiya guda ya faɗo gabanta. Da ta ɗago, ba kowa a kan tubalin.

Ba ta sare ba, ba ta karkatar da kwatar ba. Amma washegari ta sa aka haƙa rami a tsakiyar hanyar ruwan, aka cika shi da tsakuwa, yadda ruwa zai tsaya ya huce sarai. Na tambaye ta dalili. Ta ce saiwa ba ta son ruwan zafi. Na ce haka ne, saiwa.

An yi haihuwar farko lafiya, ba wanda ya ɗauko gatari. Abin da ke damun Atine har yau shi ne sanyin ɗakin ya wuce abin da ta lissafa. Ta sauya ma'aunin zafi, ta sake aunawa. Ta ce wata rana za ta gano kuskuren.

Ita kaɗai dai ba ta ƙara zuwa ba. Ku ma kada ku bi ta wajen da rana tsaka ba abokin tafiya. In kuma za ku zubar da ruwan zafi, ku yi bismillah. Saboda saiwa.