Wadda Yusha'u Ya So Kafin Ni

Ruwan sama ne ya koro Na'ima ƙarƙashin rumfar wani ƙaramin shago a unguwar Doka, ranar wata Talata da ta taso daga ofis. Ƙamshi ya tare ta tun daga ƙofa. Wani dogon saurayi ne tsaye yana juya 'ya'yan gahawa a kasko, bai ma ɗago ba sai da ta yi sallama.

Ya ba ta kujera, ya zuba mata gahawa a ɗan kofi, ya ce sunansa Yusha'u. Ta kurɓa, ɗaci ya ratsa ta har ƙeya, amma ganin yadda ya zuba mata ido yana jira, sai ta ce ta yi daɗi.

Daga ranar hanyar gidansu ta koma ta gaban shagon. Cikin wata takwas ya zama "Rabin raina", ita kuma "Nanata".

Mahaifinta, Alhaji Labaran, darakta ne a wata ma'aikata. Da maganar ta je kunnensa ya ce bai kai 'yarsa jami'a don ya miƙa wa mai shayi ba. Akwai Fahad, ɗan abokin aikinsa, da ya daɗe yana aiko da gaisuwa. Na'ima ta ci gaba da addu'a.

Wata Asabar da la'asar tana zaune a shagon, Yusha'u ya fita kai wa maƙwabci gahawa, ya bar wayarsa a buɗe kan tebur. Idonta ya faɗa kan abin da ya rubuta:

"Ina ɗan shekara goma sha biyu na fara sonta. Har yau in na ji ƙamshinta sai zuciyata ta karye. Ban taɓa faɗa wa kowa ba."

A ƙasa an ba shi amsa: "Irin wannan so ba ya gushewa. Ba ni labarin ranar da ka fara haɗuwa da ita."

Ta ɗauki jakarta ta tare keke napep ba ta jira shi ba.

Kwana huɗu ba ta ɗaga kiransa. Tana kwance tana zana yarinyar a ranta: doguwa ce, fara ce, 'yar garinsu Katsina, mai turaren da ba a mantawa. Ko abinci ta ɗiba sai ta ji kamar ƙasa. Don haushi ta ce wa mahaifiyarta Fahad yana iya zuwa.

Ranar da Fahad ya zo zance ita ce ranar da Yusha'u ya kasa haƙuri ya hawo babur ɗinsa daga gidansu na Katabu. Ya tarar da baƙar mota a ƙofar gida, Na'ima tsaye jikinta tana dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya juya babur ɗinsa ya koma. Kafin magariba saƙonsa ya shigo:

"Nanata, na ga motar. Da kin faɗa min da bakinki da ya fi min sauƙi. Allah ya sa shi ne alheri."

Ta mayar masa nan take: "Ka je wurin wadda kake so tun kana shekara goma sha biyu."

Yayarta Mansura ce ta gaji da kumburin fuskarta, ta tasa ta gaba washegari har shagon. Yusha'u ya rame, idonsa ja. Bai yi musu ba, ya buɗe wayar ya miƙa mata, ya ce ta karanta daga farko.

Ashe da manhajar AI yake hira, irin wadda ake tambaya ta amsa kamar mutum. Ya fara ne da tambayar yadda ake gasa gahawar Mambila ba ta ƙone ba. Wadda yake so ɗin kuwa gahawa ce. Mahaifinsa direban babbar mota ne, shi ya fara ɗanɗana masa ita a wata tasha, a tafiya ɗaya tilo da suka taɓa yi tare. Bayan wata uku ya rasu a hatsari.

Mansura ta fashe da dariya. Na'ima ba ta yi ba. Hawaye na zuba take gungura hirar, shafi bayan shafi, kishin kuma bai tafi ba, kama kawai ya sauya.

"Wata takwas, Yusha'u," ta ce. "Ko sunan Baba ba ka taɓa faɗa min ba. Na'ura ta riga ni sanin abin da ke sa ka kuka."

Ya sunkuyar da kai. "Ita ba ta da fuskar da za ta canza don tausayina. Ke kuwa ina tsoron ki gan ni a haka."

"To ni fuskata za ta canza. Sai ka saba."

Ya ce sunan mahaifinsa Malam Ado. Ya ba ta labarin da bakinsa, yana tsayawa yana ci gaba. Da ya gama ya tambaye ta, murya ƙasa-ƙasa, mai baƙar motar fa? Ta ce ko launin rigarsa ba ta riƙe ba. Sannan ta amsa nata laifin: ba ta taɓa son gahawa ba, daurewa kawai take yi. Yusha'u ya dafe kai, ya ce wannan ya fi motar ciwo.

Saura Alhaji. Mansura da mahaifiyarsu suka yi ta bin sa da lalama har ya yarda ya yi bincike. Aka gaya masa yaron da wannan kasko ya riƙe uwarsa, ya kai ƙannensa mata biyu har kwaleji. Wata safiya Alhaji ya je shagon ba sanarwa, ya zauna awa guda yana kallon yadda yake mu'amala da mutane. Da zai tafi ya ce, "Ka turo manyanka."

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a a masallacin unguwarsu. Da aka kai amarya Katabu, Inna Hansai, mahaifiyar ango, ta kama hannunta ta zaunar da ita kusa da ita. Ta yi musu addu'ar zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, mata suna amsawa da amin. Sannan ta sunkuyo ta raɗa mata:

"Ɗan nan nawa zurfin ciki gare shi, haka ubansa yake. Ni ban matsa wa nawa ba har ya tafi. Ke ki matsa masa."

Na'ima ta damƙe hannun tsohuwar a ƙarƙashin mayafi. "Na riga na fara, Inna."