Amalanken Don Anselmo

Ran Lahadi da yamma a dandalin tsohon garin Los Arcos, 'yan mata na zagayawa ta dama, samari ta hagu. A nan Fermín ya fara ganin Eulalia. Ya miƙa mata farin fure. Da suka sake haɗuwa a zagaye na gaba, furen na maƙale a gashinta. Duk ɗan garin ya san ma'anar hakan.

Ashe 'yar Don Anselmo ce, mai sayar da askirim a koren amalanke ƙarƙashin barandar dandalin tun kafin a haife ta. Shi kuwa Fermín a ofishin tsara gari yake aiki, shi ke haɗa ƙaramin samfurin kwali na yadda za a sabunta tsohon garin. A sabon tsarin akwai fitilu, akwai otal, akwai teburan baƙi. Amalanke ko ɗaya babu.

Ranar da ya je gaisuwa, tsohon ko ɗagowa bai yi ba.

"Kai ne mai almakashin? Ka yanke ni daga dandali, yanzu kuma 'yata kake so ka yanke? Ɓace min."

Don Anselmo ya rantse, ranar da aka tashe shi zai kwashi iyalinsa ya koma wurin ƙaninsa a Monterrey. Ga kuma Rogelio ɗan mai otal, wanda ko ruwan sanyi ba ya sha, ya tsiri shan askirim safe da yamma, yana yi wa tsohon alƙawarin gurbi a ƙofar otal.

Eulalia ta rame. Ta tura masa saƙo:

"Fermín, Baba ya fara ɗaure kaya. Ko Monterrey ko Rogelio. Kai kuma kana can kana manna kwali. Gaya min gaskiya, ni ko aikinka?"

Ya amsa: "Lalita, ruhina, abinci ma ya ƙi wuce min. Ki kawo Baba taron gari da za a nuna samfurin, ko da jan hannu ne. Shi kaɗai na roƙe ki."

"In ka kunyata shi a gaban mutane, ka manta da ni."

Ranar taron, zauren makaranta ya cika maƙil. Don Anselmo ya zauna can baya, hannu harɗe. Injiniya, shugaban su Fermín, ya gama dogon jawabi ya yaye mayafin samfurin. Mutane suka matso suna leƙe.

Doña Chabela mai sayar da tamale, wani irin alalen masara, ita ce ta fara gani.

"Kai! Wannan ai amalanken Anselmo ne!"

Ga shi nan kuwa ƙarƙashin barandar kwali, kore shar, bai fi ɗan yatsa ba, har da 'yar lemarsa.

"To ni ina tukunyata?" in ji Chabela. "Ko don ba ni da 'ya kyakkyawa?"

Zaure ya fashe da dariya, sannan ya kaure. Mai goge takalmi na neman kujerarsa, mai furanni na neman rumfarta. Sai a lokacin kowa ya gane an share shi daga garinsu.

"Kuskure ne," in ji Injiniya, ya kai hannu zai cire.

Fermín ya yi magana.

"Ba kuskure ba ne, ranka ya daɗe. Kuma gam mai ƙarfi na sa. In ka ja shi, barandar gaba ɗaya za ta taho."

Injiniya ya janye hannu. Aka yi ƙuri'a ta ɗaga hannu, aka yanke a sake tsarin tare da masu sana'ar dandali. Rogelio ya sulale. Kafin a watse, an gaya wa Fermín kada ya sake zuwa ofis.

Ya fito ya zauna a bakin dandali. Ba aiki, ba tabbacin Eulalia. Sai ya ga kofin askirim a gaban hancinsa.

"Taya huɗu ka yi masa," in ji Don Anselmo. "Nawa uku gare shi. Wane irin mai tsara gari ne kai?"

"Daga nesa nake hango shi, Baba. Kun hana ni matsowa."

"To matso. Gobe ka zo ka tura shi, ka ƙirga da kyau. Ka taho da mahaifiyarka."

Eulalia na bayan uban, tana kuka tana dariya.

"Mahaukacina," ta ce a hankali. "Yanzu me za mu ci?"

"Askirim, Lalita."

A tsohuwar cocin dandalin aka ɗaura musu aure. Da suka fito suka zagaya dandalin, wannan karon ta gefe ɗaya, farin fure a gashinta. Don Anselmo ya dafa kawunansu ƙarƙashin barandar.

"Allah ya albarkace ku, 'ya'yana. Ya manne ku da irin gam ɗin nan."